Karnukan Zaurandi Goma Sha Bakwai

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yi mata faɗi, ya raba garuruwa da koguna, ya kuma ba uwa zuciyar da ba ta zama wuri ɗaya. Ni ce Tabawa, matar Barmo marini, ta garin Tsamiyar Dela. Karatuna bai wuce na sallah ba, sai ɗan abin da nake rubuta wannan da shi. Ni mace ce mai tsoro, ko akuya ta yi atishawa sai gabana ya faɗi. To amma ga inda ƙafata ta kai ni, ga kuma abin da na koyo.

Ɗa guda Allah ya bar mana, Nomau. Yana da shekara ashirin da biyu suka yi sa-in-sa da ubansa a bakin karofi, a kan wani rini da ya ɓaci. Ya wanke hannunsa ya fita, bai dawo ba. Shekara shida ba labari. A cikinsu idon Barmo ya mutu, ni kuma na zama mai leƙen hanya. Ran nan wani falke ya sauka a garinmu, ya ce ya taɓa tafiya da wani saurayi ɗan Tsamiyar Dela har iyakar ƙasar Zaurandi, inda mahaya ke farauta da karnuka, saurayin ya ce can zai zauna. Na ɗaure ƙunshina, na bar Barmo a hannun ƙanwarsa, na kama hanya.

Wata huɗu ina tafiya. Na ratsa garin da akushinsu ke sake cika duk lokacin da baƙo ya yi godiya, su kuma ba sa sallamar baƙo sai ya ga ƙasan akushi. Na tarar da mutane a can da suka yi furfura a kan tabarma suna ci suna godiya. Kwana uku na yi, cikina kamar zai fashe, kafin na gane. Rana ta huɗu na cinye, na miƙe bakina a rufe, matar gidan tana kallona, na fita kamar marar tarbiyya. Har yau abin yana damuna.

Daga nan sai ciyawar Zaurandi, fara fat, ta fi mahayi da dokinsa tsawo. Ina cikinta da hantsi sai na ji muryar Nomau daga hagu tana cewa Inna, Inna. Na bar turba na bi ta har na yi nisa. Allah ne ya sa na tsaya na tambaye shi abin da ya ci yau. Sai muryar ta sake cewa Inna, ba ƙari. Na tambaye shi ko yana da mata, ta ce Inna. Nan na san ba ta da komai sai abin da ta tsinta a bakin wani. Na juya na bi sawuna, ina kuka, har na koma turba.

Garin mafarautan yana kan tudu. Da la'asar na iso, daidai lokacin da suke dawowa: mahaya goma sha bakwai, kowa fuskarsa a rufe da baƙin rawani, hannuwansa cikin safar fata, karnuka suna zagaye da dawakai. Na tsaya a bakin hanya na kira sunan ɗana da iyakar muryata. Ba wanda ya waiga. Wani tsoho mai ɗingishi ya fito daga shingen karnuka da muciya a hannu, ya janye ni gefe, ya ce in rufe bakina in ba so nake in kashe wanda nake nema ba.

Shi ne Mai Garke, mai kula da karnukan. Ya bayyana mini cewa iskar cikin ciyawar nan tana satar sunaye da muryoyi, in ta san sunan mahayi sai ta kira shi ya sauka daga doki ya bi ta, ba a sake ganinsa. Saboda haka duk namijin da ya shiga farautarsu yakan ajiye sunansa, ya rufe fuskarsa, ya daina magana da kowa sai da ƙaho. Karnuka ne ke da suna a Zaurandi. Mutum kuwa ana kiransa da karensa, Na Wane ko Na Wance. Na roƙe shi ya nuna mini wanda ya zo daga yamma shekara shida da suka wuce. Ya ce ko ya so bai isa ba, amma akwai ƙofa ɗaya. Baƙon da aka ɗaure wa ido ranar babbar farauta, ya faɗi kowane kare da muryarsa kaɗai ba kuskure, zai nuna kare guda, a buɗe fuskar mutuminsa, a ba shi ya tafi da shi. Sau ɗaya tak ake gwadawa. Mutum uku ya gani sun gwada a zamaninsa, duk an raka su bakin iyaka.

Na ce zan gwada. Ya dube ni daga sama har ƙasa, lokacin wani kare yana shinshina gefen zanena ni kuma ina ja da baya ina salati.

"Ke da ko kusa da su ba kya iya tsayawa?" in ji shi.

"Baba, ni dai a ba ni aiki," na ce.

Ya miƙa mini muciyar.

Haka na zama mai tuƙa wa karnuka tuwon dusa da romon ƙashi. A garinmu kare najasa ne, ba ya shiga gida. Duk wanda ya lashe ni sai in ruga rijiya in wanke wurin sau bakwai, har fatar hannuna ta tsage. Mai Garke ya laƙa mini Mai Wanki, yana cewa in rijiyarsu ta ƙafe ni za su kama. Da farko duk ɗaya nake ganinsu, haƙora da harsuna. Haushinsu kuwa hayaniya ce kawai, kamar an zubar da kwanuka. Na yi wata guda ban bambance ko biyu ba, kullum ina lissafin cewa Barmo zai mutu ban koma ba.

Tsohon ne ya ce in daina sauraron baki, in fara kallon ci. Kare, in ji shi, yadda yake a gaban kwano haka yake a bayan nama. Sai na fara lura. Garwashi, ja mai faɗin ƙirji, ba ya taɓa tuwo sai kowa ya sa baki, a daji ma ba ya haushi sai ya tabbata, in ya yi kuwa sau uku ne masu nauyi, sauran su juya su bi shi. Tsinke ɓarawo ne, yana cin nasa idonsa a kan na wani, muryarsa siririya ce mai saurin ƙarya, yakan yi ihu a kan sawun da ya kwana biyu. Hadari yana gurnani ko yana murna. Gwaggo tsohuwa ce, haƙoranta sun zube, ni nake murmusa mata tuwo da hannu, kukanta yana karyewa a tsakiya kamar mai tari. Dama da Hagu tagwaye ne, muryarsu ɗaya sak, su suka kayar da biyu daga cikin masu gwajin da suka gabace ni. Sai da na yi wata uku ina binsu na gane Hagu yana jan numfashi da ƙara kafin ya yi haushi, saboda wani gwanki ya taɓa shurinsa a hanci. Akwai kuma Shiru, ɗan Gwaggo, baƙi wuluk, wanda tun da aka haife shi bai taɓa yin haushi ba. Da na tambayi yadda za a san muryar wanda ba shi da murya, Mai Garke ya ɗaga kafaɗa ya ce Shirun ne ya kayar da na ukun.

Kullum da safe in mahaya sun fita, nakan hau tudu in rufe idona in saurara. A hankali hayaniyar ta fara warwarewa, kamar yadda zare ke fita daga curi. Ban san ranar da na daina zuwa rijiya sau bakwai ba. Na dai san na koma wanke hannu sau ɗaya kafin alwala, ina neman gafarar Allah.

Sai dai sanin murya rabin aiki ne. Ko na ci, wane kare zan nuna? Na kalli mahayan nan har idona ya yi ciwo. Riga iri ɗaya, rawani iri ɗaya, ba mai magana. Wani na ga tafiyarsa kamar ta Nomau, gobe in ga ta wani ta fi kama.

Akwai wata karya mai launin toka da ake kira Marka, saboda haushinta ƙanana ne a jere, ba ƙarfi ba tsayawa, kamar yayyafi a kan jinka. Ba ta cikin gwanaye, ba ta kuma cikin ragwaye, ni ma ban damu da ita ba. Wata rana ta dawo tana ɗingishi, ƙaya ta shige mata tafin ƙafa. Na riƙe ta na cire da tsinke, na shafa mata man kaɗanya. Na sake ta, ta ƙi tafiya. Ta matso ta kafa goshinta daidai bakina, ta rufe ido, ta tsaya. Na ture ta, ta dawo ta sake kafawa. Sai na tuna wani abu. Lokacin da Nomau yake ƙarami, in ya faɗi ko ya yanke, bayan na sa masa magani nakan hura masa iska a goshi in ce ciwo ya tashi. Ban taɓa ganin wata uwa tana yi ba, ni na ƙirƙiro abina. Na sunkuya na hura wa karyar nan iska a goshi. Ta buɗe ido, ta kaɗa wutsiya, ta tafi abinta.

Na ruga wurin Mai Garke. Na tambaye shi wa ya reni Marka, ya ce Na Marka mana, kowa shi ke renon nasa tun yana ɗan kwikwiyo, a kwano ɗaya suke ci. Na ce yaushe, ya ce shekara shida ke nan. Na tambaye shi ko Na Marka yana lafiya. Ya nuna mini shi can yana ɗaure doki, ya ce ga shi kuwa, ko zazzaɓi ba ya yi.

Daga ranar na zuba masa ido. Na ga ya fi Nomau kauri, na ce namiji yana cika in ya girma. Na ga da dama yake riƙe linzami alhali ɗana bahago ne, na ce doki ne ya koya masa. Na ga yana wuce ni ko gezau, na ce tsoron iskar nan ne, yana kare kansa, Allah ya yi masa albarka. Nakan zaɓa wa Marka ƙashi mai ɓargo, in yi mata hira a kan ubansa da karofi, ina fatan ko iska ta kai masa.

Babbar farauta ta zo bayan kaka. Aka ɗora ni a kan wata tsohuwar goɗiya a bisa tudu, ni da ban taɓa hawan ko jaki ba, na ƙanƙame gashin wuyanta. Aka ɗaure mini ido da fata. Mutanen gari suka kewaye ni, Mai Garke yana riƙe da linzami. Aka busa ƙaho. Ƙasa ta ɗauki rawar kofato.

Tsinke ne ya fara, na faɗe shi, na ƙara da cewa ƙarya yake yi, mutane suka yi dariya. Garwashi ya yi ukunsa. Hadari, Gwaggo, sauran suka biyo, ina faɗa ana cewa haka ne. Marka ta fara yayyafinta, na faɗi sunanta. Tagwayen suka yi tare, na jira har suka rabu a gindin tudu, na ji jan numfashin a wajen gabas, na ce wancan Hagu, na yamma Dama. Goma sha shida. Wuri ya yi tsit, kowa ya san wanda ya rage.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, na daɗe da barin sauraron Shiru, uwarsa nake saurare. Gwaggo ba ta iya gudu sosai, a baya take. Shi kuma yakan ɓoye a bayan kowa sai nama ya gaji, sannan ya fita kamar kibiya. Duk lokacin da ya gifta ta, takan yi wani ɗan kuka gajere, ba irin na farauta ba, irin wanda ake yi wa ɗa in zai shiga haɗari. Na jira. Zufa tana bin bayana. Can na ji shi.

"Shiru ya wuce uwarsa yanzu," na ce. "Ya tafi wuyan naman."

Ba a yi numfashi uku ba ƙaho ya sanar da kamu. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka kwance mini ido, aka sauke ni.

Da mahayan suka hawo da gwankin da suka kama, aka jera su a gabana, kowa karensa a gefensa. Mai Garke ya ce in nuna. Na nuna Marka. Mutuminta ya sauka, ya tsaya. Tsohon ya kama bakin rawanin ya warware, zagaye bayan zagaye, ni ina shirya abin da zan fara ce masa.

Fuskar wani ce. Mutum ne da ya haura arba'in, gemunsa da furfura, da tsagen wata ƙasa da ban sani ba a kumatunsa. Hasken rana ya sa yana ƙifta ido. Mutane suna ta yi mini barka, wata tana cewa ga ɗanki Allah ya ba ki.

Na ce wannan ba ɗana ba ne. Mai Garke ya yi mamaki na gaske, ya ce ba Na Marka na nema ba? Ga shi. Na tambaye shi ko wannan mutumin ne ya reni Marka da hannunsa. Ya ce to, ba da waɗannan hannuwan ba. Damina biyu da suka wuce ɓauna ta soke wanda ke cikin rawanin a lokacin, ya cika kafin a kawo shi tudu. A ranar aka wanke rawanin da safar, aka ba wani baƙo da ke jiran shiga, da doki da karya duka, kamar yadda ake yi tun kakanni. A wurinsu Na Marka bai mutu ba, ko kwana ɗaya bai yi fashin farauta ba. Sai kare ya mutu suke zaman makoki.

"Baba, na tambaye ka ko yana lafiya."

"Kin tambaye ni, na kuma gaya miki abin da na sani," in ji shi. "Wallahi, Mai Wanki, ban ɓoye miki komai ba. Ban dai taɓa tunanin na ciki kike nufi ba."

Na tambaye shi ko ya ga jikinsa. Ya ce shi ya yi masa wanka. Saurayi ne dogo, da tabon ƙuna a wuyan hannunsa na hagu, faɗin tafin yaro. Na ce kunu ne ya ƙona shi yana da shekara uku, ni na ajiye tukunyar a ƙasa. Na roƙi a nuna mini kabarinsa. Mutanen suka dubi juna. A cikin ciyawa suke binnewa, su bi ta kai da dawakai har wurin ya baje saboda kuraye, kuma ciyawar Zaurandi tana rufe komai cikin wata guda.

Na roƙe su su mayar wa bawan Allahn nan rawaninsa, tunda ba shi na zo nema ba. Suka ce fuskar da rana ta gani ba ta komawa, mutumin ya zama nawa, in tafi da shi. Na ce to a ba ni karyar a maimakonsa. Suka ce kare ba ya barin Zaurandi. Kafin in gama ɗaure ƙunshina har an naɗa wa wani sabo rawanin, Marka tana shinshina ƙafarsa.

Mutumin ya ce sunansa Korau, sai da ya yi jim kafin ya tuno. Annoba ce ta cinye masa gida, ya zo Zaurandi don ya rabu da sunan da ba sauran mai kiransa. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya ɗauki ƙunshina ya ɗora a kai. Wata huɗu muna tafiya, maganarmu ba ta cika tafin hannu ba. Na ce ya tsaya duk garin da ya yi masa, ya ce ba shi da inda ya fi wani.

Da walaha muka shiga Tsamiyar Dela. Barmo yana zaune a zaure, ya rame, kansa a jingine da bango. Ya ji takun mutum biyu. Ya miƙe da sauri har sandarsa ta faɗi, ya miƙa hannuwa, ya lalubi fuskar Korau. Yatsunsa suka bi tsagen, suka sauka a kan gemun, suka tsaya. Ya janye su a hankali.

"Tabawa, wane ne wannan?"

Na ce baƙo ne, sunansa Korau, zai zauna da mu. Na zaunar da Barmo, na gaya masa komai, ban rage ba. Na ce Nomau ya rasu damina biyu da suka wuce, an yi masa wanka an binne shi, ban ga kabarinsa ba. Abin da na gani nasa a duniya karya ce mai launin toka da ya rena da hannunsa.

Korau ya fita ya ba mu wuri. Can Barmo ya goge fuskarsa da hannun riga, ya juyo inda yake jin numfashina.

"Ya rene ta da kyau?"

Na ce da kyau, Malam. Ba ta faɗa, ba ta sata, tana jira a gama zuba mata kafin ta sa baki.

Ya gyaɗa kai. Ya ce in fara daga farko, in gaya masa yadda take, kada in bar komai.

Iyakar abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji ke nan. Wanda ya karanta ya sa Nomau ɗan Barmo a addu'a, ya kira shi da sunansa.